Masu wayit (motar tankin zuƙar ruwan datti) da masu sauka rami: me kuke dubawa kafin fita aiki?

Ɗan Hindawiyya: Assalamu alaikum. Nuwamba ya ƙarato, duk mai aikin magudanar ruwa a Jidda kuwa ya san watan. Ranar 25 ga Nuwamba 2009 ambaliya ta ci mutum sama da 100, unguwar Kuwaiza ta fi ko'ina jin jiki. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 kuma ruwan da ya zuba a kudancin gari ya kai milimita 179 cikin awa shida. Mu dai manajanmu ya ce kowace wayit ta shiga fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, kafin ƙarshen wata. Ku a wurarenku me ake dubawa? Na fi son jin abin da fahas ba ya taɓawa.

Tsohon Direba, Kilo 14: Wa alaikumus salam. Ai ɗana, fahas mota yake dubawa a matsayinta na mota: birki, fitilu, taya, hayaƙi, yoyon mai, sai a leƙa ƙarƙashinta. Ka tafi da abin kashe gobara da alwatikar ajiyewa a titi. In ba ka ci ba, istimara, wato takardar rajistar mota, ba za ta sabuntu ba, haka ma in babu inshora. Amma ban taɓa ganin an ce in kunna famfon zuƙa ba, ko in warware tiyo a gani. Mota za ta fito da takarda fes alhali bawul ɗin baya yana ɗiga.

Wani kamfani da na yi wa aiki, tiyon ya tsage wajen maɗauri, muka yi ta faɗa ana cewa sai wata mai zuwa. Ranar da ya fashe a ƙofar gidan mutane, yaron mota ne ya sha wanka tun daga kai, washegari idonsa ya kumbura suntum. Tun daga nan kullum da asuba sai na bi tiyo da hannu daga farko har ƙarshe. Taya kuma ku daina kallon zanenta kawai. Akwai lamba huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Zafin kwaltar nan yana cin tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba. Mu da muka yi layin zubarwa a tafkin Misk, inda ake juye ruwan dattin Jidda, kafin a ƙafar da shi a 2010 mun ga tayoyi sun fashe ba adadi a hanyar.

Baban Ummi: Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara da cewa tanki rabi ya fi cikakke haɗari. Kana taka birki ruwan zai taho gaba ya tunkuɗa ka. A shataletale a bi a hankali.

Muhandis (injiniya) daga Gulail: Ni abin da ke hana ni barci ramin ne, ba motar ba. Iskar da ke cikin bayyara, wato ramin masai na gida, da ramukan magudana tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasa. Mugun abinta shi ne in ta yi yawa, wajen kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jin warin. Mutum ya ce ai warin ya tafi, ashe lokacin ne ta fi ƙarfi. Saboda haka hanci ba ma'auni ba ne.

A wurinmu babu mai sauka sai an zura na'urar awon iska da igiya, a auna baki, a auna tsakiya, a auna gindin rami. Abu huɗu take nunawa: iskar shaƙa (oksijin), mai warin ƙwan nan, mai kama wuta, da gubar hayaƙin inji. Iskar shaƙa a sarari kashi 20.9 ce cikin ɗari. In ta yi ƙasa da 19.5 ba a shiga. Ita kanta na'urar ana fesa mata iskar gwaji a ga ko za ta yi ƙara. Na sha tarar da wadda ke kunnuwa lafiya lau amma ta kurumce, ba ta jin komai. Sannan fanka mai hura iska ciki, ɗamara a jikin mai sauka, ƙarfe mai ƙafa uku a bakin rami, da mutum guda a tsaye wanda ba shi da wani aiki sai kallo. Takunkumin hancin nan na kantin magani ƙura kawai yake tarewa.

Ɗan Shari'u Mansur, Makka: Allah ya saka, Muhandis. A unguwarmu aka yi: tiyo ya maƙale a bayyara, yaro ya sauka ya ciro, ya yanke jiki. Direban ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi. Na uku sai da aka rirriƙe shi yana kuka. Jami'an Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, suka zo da tulun iska a baya suka fito da su. Allah ya jiƙansu. Wanda ya ga irin haka ya kira 911 ko 998, kada ya sauka.

Ƙaramin Direba: Amin. Amma Muhandis, ku kuna babban kamfani. Mu kafilinmu, wato ubangidanmu, wayit biyu gare shi, in na ce masa na'urar awo sai ya ce ni kaɗai na fi kowa son rai?

Muhandis daga Gulail: To ƙanena, in babu na'ura babu sauka, iyakarka baki. Ka samu dogon ƙarfe mai ƙugiya na ciro tiyo, ka buɗe murfi ka ja baya ka tsaya ta inda iska ke busowa, kuma kada a kunna sigari kusa. In da rani ne ka tuna masa dokar hana aiki a rana, daga sha biyu zuwa uku, 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Zafi yana ƙara tayar da iskar ramin.

Tsohon Direba, Kilo 14: Ƙugiya ina da biyu. Ka biyo ta garejinmu bayan la'asar ka ɗauki ɗaya.