Na ga titaniyom a zanen da aka ce na ƙarni na 17 ne, jabu ne ke nan?

Hadiza_gyaranzane:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na fara koyon aikin adana tsofaffin zane-zane. An ba ni wani ƙaramin zanen fentin mai a kan katako, hoton mace da shuɗin mayafi, takardarsa ta ce na ƙarni na 17 ne. Na haska shi da na'urar XRF ta hannu, mai nuna sinadaran da ke cikin fenti, a wuri tara. Dalma ta fito ko'ina, wannan bai dame ni ba tunda farin dalma ne farin wancan zamanin. Amma a gefen hagu ta ƙasa sai ga sinadarin titaniyom, kuma na san fentin farin titaniyom bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920. A mayafin kuma babu jan ƙarfe, babu kobalt, sai ɗan burbushin baƙin ƙarfe. Gabana ya faɗi. In rubuta a rahoto cewa jabu ne?

Malam_Sabo:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, ajiye biro tukuna. Titaniyom a wuri ɗaya cikin tara bai isa a yanke wa zane hukunci ba. Zanen da ya shekara ɗari uku da wuya a ce hannun mai gyara bai taɓa shi ba, kuma gefe ne ya fi ɓarewa, can aka fi yin ciko. Kashe fitilar ɗakin ki haska shi da hasken UV, wato hasken nan da ido ba ya gani amma yake sa wasu abubuwa ƙyalli. Tsohon man ƙyallin da ke sama zai yi haske mai ɗan kore-kore, inda aka yi ciko daga baya kuma zai fito baƙi kamar tabo.

Sannan ki sake duba layukan da na'urar XRF ta ba ki da idonki, tunda kowane sinadari da nasa layin, kada ki dogara da sunan da ta rubuto. Layin titaniyom da na bariyom suna hawa kan juna, haka dalma da asenik. Ni kaina na taɓa shan kunya a kan wannan, na rantse titaniyom ne ashe bariyom ne. Ko jar ƙasa ta fenti ma tana ɗauke da ɗan titaniyom nata na asali.

Dr_Bilkisu:
Ni shuɗin nan ne ya fi ɗaukar hankalina. Rashin jan ƙarfe ya cire azurayit, shuɗin dutsen da ke ɗauke da jan ƙarfe, rashin kobalt ya cire garin shuɗin gilashi da suke yawan amfani da shi a lokacin. Saura uku: altaramarin na dutsen lazuli da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, ko shuni na baba, ko shuɗin Balin. Matsalar ita ce XRF makauniya ce a kan biyun farko. Shuni kabon ne da dangoginsa marasa nauyi, ba ta ganinsu, altaramarin ma da ƙyar take jin ɗuriyarsa a ƙarƙashin man ƙyalli.

Baƙin ƙarfen nan zai iya zama na jar ƙasar da aka shimfiɗa a ƙasa, domin hasken na'urar na ratsa duk shimfiɗun ya haɗo miki su wuri guda. Zai kuma iya zama shuɗin Balin mai ɗauke da baƙin ƙarfe, wanda aka gano a Jamus a farkon shekarun 1700. Ƙarfin launinsa ya sa ɗan kaɗan ake sa wa, shi ya sa ƙarfensa ke fitowa kaɗan. Idan shi ne, kuma a fentin asali yake, to batun ƙarni na 17 ya rushe. Nemi a yi miki gwajin Raman ko FTIR, gwaje-gwajen haske da ke gane ainihin sinadarin launi. A FTIR shuɗin Balin ba ya ɓuya, layinsa yana tsayawa ƙiƙam wajen lamba 2090 a ma'aunin na'urar. Idan kuma altaramarin ne, sa ƙwayoyinsa a maikuroskof, madubin ƙara girman ƙananan abubuwa: na dutse fasassu ne masu kaifi, girmansu ba ɗaya ba, na masana'anta da aka fara a Faransa wajen 1828 ƙanana ne sumul iri ɗaya.

Auwal_K:
Amma Malam, ai titaniyom ɗin ne ya tona asirin Wolfgang Beltracchi, Bajamushen nan mai zanen jabu, a zanen da ya jingina wa mai zane Campendonk ya sa masa shekarar 1914, har aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2011.

Malam_Sabo:
Haka ne Auwalu, amma nasa a cikin fentin asali aka same shi, ba a ciko ba. Shi ya sa ake ɗiban ɗan ɓarɓashi kamar kan allura, a dasa shi cikin roba mai tauri, a goge gefensa a ga shimfiɗun ɗaya bisa ɗaya. Kuma Hadiza ki riƙe wannan don rahotonki: launi na iya cewa zane bai girmi shekara kaza ba, amma ba ya tabbatar da tsufa, don ɗan damfara ma na iya niƙa farin dalma da lazuli a yau.

Hadiza_gyaranzane:
Allah Ya saka da alheri. Malam, na haska da UV yanzu, ga tabo baƙi kamar girman babban yatsa daidai inda titaniyom ya fito. Mayafin kuwa babu tabo ko ɗaya, don haka na cike takardar neman izinin ɗibar samfur daga bakin wani tsagi da ke kansa.