Ɗalibi ya fito ya faɗi laifin kocinsa, rashin ladabi ne?

Koren_Bel:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Inda muke koyon karate akwai wani koci da in yaro ya kuskure a kata (jerin motsin da ake haddacewa) sai dai ka ji tas ya wanke shi da mari, wani lokacin kuma ya haɗa shi kumite (karawar mutum biyu) da wanda ya fi shi girma don dai a jibge shi, kowa na gani ba mai cewa uffan. Na ce zan kai maganar gaba sai manyanmu suka ce wai zan tona asirin gida. Ya kuke gani?

TsohonHannu:
Ƙanena bi a sannu. Wasan nan dama na shan wuya ne, mu ma haka aka horar da mu ba mu mutu ba. Ka same shi ku biyu ka yi masa magana cikin ladabi, ba sai duniya ta ji ba.

Yar_Judo:
Yaya da girmanka amma wlh ban yarda ba. Horo daban duka daban. Japan fa can ne tushen judo, ba wanda zai koya musu girmama malami, amma a 2013 'yan wasa mata 15 na tawagar ƙasar ƙararsu ta fito fili kan kocinsu Ryuji Sonoda, cewa yana marinsu yana dukansu da sandar gora, ya amsa ya ajiye aiki, kafin shekarar ta ƙare shugaban hukumar judon ma ya sauka. Su ma marasa kunya ne kenan?

Mai_Tatami:
Ni abin da na lura ba ladabi ke sa mutane shiru ba, tsoro ne kawai, don bel ɗinka (ɗamarar da ke nuna matakinka) a hannun koci yake, shi zai ce ka isa gwaji shi zai sa sunanka a gasa, to wa zai yi gigin buɗe baki? Kuma kada a ruɗe ka, magana na da tsada. Dubi 'yan kokawar Indiya a 2023, Vinesh Phogat da Sakshi Malik da Bajrang Punia, makonni suna zaman dirshan a Delhi kan zargin shugaban hukumarsu da cin zarafin mata, 'yan sanda har kama su suka yi, ƙarshe Sakshi mai lambar Olamfik guda ta ɗora takalmanta kan tebur gaban 'yan jarida ta ce ta bar wasan.
Don haka in za ka yi kada ka tafi kai kaɗai, rubuta ranar da abin ya faru da waɗanda suka gani, ka fara da iyayen yaran tukun sannan hukumar da ta ba shi takardar koyarwa. Facebook kuma bar shi sai in an toshe maka ko'ina.

Koren_Bel:
Na gode sosai. Iyayen ne ma matsalar, ɗaya har cewa ya yi a ƙara masa in ya ƙi ji. Amma akwai uwa ɗaya da ta ga shatin hannu a fuskar ɗanta ranta ya ɓaci, da ita zan fara.