Muhawara: ungozoma mai zaman kanta, sai da inshora?

Sista Rabi: Jama'a, ni dai a ganina duk ungozomar da ta buɗe wurin karɓar haihuwa na kanta, kada a sabunta mata lasisi sai ta yi inshorar biyan diyya. In naƙuda ta yi tsawo, iska ta yanke wa jariri, ya tashi ba zama ba tafiya, wa zai ɗauki ɗawainiyarsa? Mai ɗaki biyu da gado ɗaya a Ƙofar Marusa?

Malam Lawal: Sista, wa kika taɓa gani a Katsina ya kai ungozoma kotu? Cewa za a yi haka Allah ya ƙaddara.

Barista Aminu: Malam, ƙaddara ba ta yafe sakaci. Kuma tun dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, ta 1999 aka wajabta irin wannan inshora kan masu ba da magani a ƙarƙashin shirin. Bin dokar ne dai sai a hankali.

Hajiya Binta: Rabi 'yata, ku bi a sannu. Ingila ta wajabta ta a 2014. A 2017 hukumar ungozomominsu ta ce tsarin da masu zaman kansu suka shiga ba zai iya biyan diyya mai nauyi ba, aka hana su karɓar haihuwa da shi. Dalilin kuwa su kaɗan ne, kuɗin da suke tarawa ba ya isa rainon yaro ɗaya mai lalurar ƙwaƙwalwa har ƙarshen ransa. To mu nan, in kuka rufe wa yarinyar da ta fito makarantar koyon ungozoma ta Malumfashi ƙofa, mai naƙudar dare a ƙauye ba asibitin haihuwa na Turai 'Yar'adua za ta zo ba. Tsohuwar unguwa za a kira, da rezarta a ƙulle a bakin zane.

Malam Lawal: Ga kuma batun riba.

Ustaz Kabir: Wannan kam akwai takaful, wato inshora irin ta Musulunci. Ai ko diyyar kisan kuskure dangi ne ke haɗuwa su biya.

Sista Rabi: To Hajiya, uwar da aka bar wa yaron fa? Haƙuri kawai?

Hajiya Binta: Ban ce haka ba. A yi wa duk ungozomomin jiha inshorar a dunƙule, gwamnati ta sa nata kason. In ba haka ba, kan mai jego kuɗin zai koma.

Barista Aminu: A dunƙulen ma sai an ga takardar awo da ta naƙuda kafin a biya. Su nawa ke rubutawa?