Waɗanda suka taɓa zuwa kallon gasar guje-guje ta duniya, ku ba mu labari

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Na ƙudiri aniyar zuwa Beijin a 2027, in Allah ya kai mu, don kallon gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Shekara da shekaru a talabijin nake bin ta, ban taɓa sa ƙafa a filin ba. Gasar takan ɗauki kwana tara ko goma, aljihuna kuwa ba zai ɗauki ko rabinsu ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah wace rana kuka zaɓa, ina kuka zauna, kuma me kuka yi da-na-saninsa?

Mai Agogo:
Wa alaikumus salam. Ni Landan na je, 2017, kuma tikitin dare ɗaya tak na saya, daren ƙarshen tseren mita 100 na maza, saboda shi ne na bankwana ga Usain Bolt. Kuskurena na farko, waya na ɗaga. Ina ta daidaita ta bindiga ta tashi, kafin in ɗago kai an gama. Bidiyon yana nan har yau, ƙeyar wani mai hula ce ta cika shi.

Mu da ke sama ba wanda ya san wa ya ci. Idon kowa na kan Bolt da Christian Coleman a tsakiya, ashe Justin Gatlin ya sulale ta layi na takwas. Sai da allo ya nuna: Gatlin 9.92, Coleman 9.94, Bolt 9.95. Filin ya ɗauki ihun rashin yarda, shi kuma Gatlin ya je ya durƙusa a gaban Bolt.

Amma abin da ya zauna mini a rai ba tseren ba ne. Shirun da ake yi ne kafin bindiga. Dubban mutane, a ce kowa ya kame bakinsa, har kana jin kujerar wani tana ƙara can nesa. Talabijin ba ta kawo wannan, don mai sharhi ba ya iya yin shiru.

Yar Tsere:
Yaya Mai Agogo, da ka ƙara kwana huɗu da ka ga abin da ya fi. Ina filin ranar da Isaac Makwala na Botswana, wanda aka hana shiga zagayen farko saboda batun rashin lafiya, ya yi mita 200 shi kaɗai, ana tafka ruwa, don ya samu lokacin wucewa zagaye na gaba. Mutum ɗaya a fili, amma ihun kamar na ƙarshen gasa. Ya buga 20.20, ya faɗi ƙasa ya shiga danna hannu don a ga lafiyarsa ƙalau. Tikitin tsakiyar mako ne, wanda na saya don ban samu na Bolt ba.

Maman Iman:
Mu Doha muka je a 2019, ni da maigidan da yara biyu. A waje zafi da laima kamar a tukunya, amma filin Khalifa akwai sanyaya, har ƙaramar ta ce a ba ta mayafina. Kada ka yi wasa da yanayin garin da za ka, Baban Hanifa. Gudun famfalaki na mata da tsakar dare aka fara shi a bakin teku saboda zafi, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi 28 ba su kai ƙarshe ba. Mun tsaya a gefen hanya muna kallo, ni da ba gudu nake ba ma rigata ta jiƙe sharkaf.

Shawarata, ka duba daren da ɗan ƙasar da ake gasar yake da wasa. Daren Mutaz Barshim, ɗan Qatar mai tsallen sama, filin ya cika maƙil. Ya kasa mita 2.33 sau biyu, saura masa dama ɗaya, wata tsohuwa a gefena ta rufe fuska tana addu'a. Ya haye. Daga nan bai sake taɓa sandar ba har 2.37. Ban taɓa zaton tsallen sama zai sa ni tsalle ba. Sannan in ka samu kujera kusa da 'yan Habasha a daren dogon gudu, kada ka canza. Ranar da Muktar Edris ya ci mita 5,000, kunnuwana sun kwana suna ƙara.

Dogon Numfashi:
Ku yi haƙuri, ni dai ban ga ribar ba. Na je sau ɗaya. Ana gudu a nan, ana jifan mashi a can, ana dogon tsalle a wancan gefe, duk lokaci guda. Ka juya nan, a yi ihu a can, ka tambayi na kusa me ya faru, shi ma bai sani ba. Ƙarshenta allon filin na riƙa kallo, wato talabijin ɗin dai da na baro a gida.

Ɗan Gora:
Malam Dogon Numfashi yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ni ne shaida. Eugene, jihar Oregon ta Amurka, 2022, ranar ƙarshe. Na ce ai zagayen kusa da na ƙarshe ne na tsallake shinge, bari in je in cika gorar ruwa kafin manyan abubuwa. Ina kan layi na ji filin ya tsage. Na dawo a guje, allo yana nuna 12.12. Tobi Amusan ta karya tarihin duniya, ni kuma ina riƙe da gora. Wallahi har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni.

Allah ya taimake ni da na ƙarshen. Ban motsa ba, ta buga 12.06, muka haukace, sai aka ce iska ta kai mita 2.5 a daƙiƙa, ƙa'ida kuwa kada ta wuce 2.0, don haka ba a lissafa shi a tarihi ba. Zinaren dai nata ne. Da aka sa taken Najeriya tana kuka a kan dandamali, wani Bature a bayana ya dafa kafaɗata bai ce komai ba.

Amsata ga Malam ita ce, kada ka yi ƙoƙarin ganin komai. Ka zaɓi wasa ɗaya na tsakiyar fili da ke gabanka ka bi shi tun daga farko, tseren kuma bindiga za ta sanar da kai. A daren nan an gama duk guje-guje, saura Mondo Duplantis mai tsalle da sanda, shi kaɗai da sandarsa, filin gaba ɗaya yana tafa masa a tare, sannu-sannu, ana ƙara sauri har ya tashi. Ya haye mita 6.21. Wanda ya fita da wuri don gudun cunkoso, a mota ya ji labari.

Yar Tsere:
Kuma kada a raina zaman safe. A Budapest, 2023, nan na fi jin daɗi duk da ranar da ta gasa mu. Jama'a ba yawa, kana jin kocin yana yi wa ɗan wasansa magana daga bakin shinge. Ɗana kuwa ba abin da ya ɗauke masa hankali sai 'yan ƙananan motocin nan masu rimot da ke maido da mashi da faifai. Daren farko mun ga 'yan Holan biyu sun faɗi dab da layin ƙarshe, Sifan Hassan a mita 10,000, sai Femke Bol a gudun miƙa sanda. Daren ƙarshe Bol ɗin ce ta taso daga baya ta ci wa ƙasarta zinare. Sai wanda ya ga faɗuwar ya san daɗin wannan. Na kuma ga Hugues Fabrice Zango ya kawo wa Burkina Faso zinarenta na farko a tsalle mai taku uku, kuma kujerata daidai ramin yashin take, har ina ganin yashi na tashi.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Ke nan ba dole sai daidai layin ƙarshe ba? Can ne na ga kowa yake rububi.

Ɗan Gora:
Ba dole ba ne, Baba. In jadawali ya fito, ka duba taswirar filin ka ga inda aka sa ramin yashi da katifar tsalle, ka nemi wajen, ɗan sama kaɗan don ka ga layukan duka. Ka ɗauki zaman safe ɗaya, dare ɗaya a tsakiyar mako, da daren ƙarshe. Ruwa kuma ka cika tun kafin ka zauna.

Mai Agogo:
Waya kuma a aljihu.