Neman shawara: an yanke wa gwaggona tallafin abinci ba a ji ta bakinta ba

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana dokar Amurka game da gwaggona da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, wadda ta shekara huɗu tana karɓar tallafin abinci na SNAP. A watan jiya ta je kanti, ta loda shinkafa da mai da madara, sai mai karɓar kuɗi ya ce mata babu ko sisi a katin tallafin. Daga baya muka gano cewa ofishin da ke kula da tallafin ya aika takardar sanarwar yanke shi tsohon gidanta, alhali ta sanar da su sauyin adireshi, kuma shaidar hakan tana hannunta.

Na karanta cewa a shari'ar Goldberg da Kelly ta 1970, wadda ma daga New York ta taso, Kotun Ƙoli ta ce ba a yanke wa mabuƙaci tallafi sai an sanar da shi an kuma saurare shi. Sai dai a 1976, a shari'ar Mathews da Eldridge, kotun ta sassauta wannan sharaɗi kan kuɗin naƙasassu, kuma a nan ne kaina ya ɗaure.

Na san tana da kwana 90 ta nemi a saurari ƙorafinta, mun kuma nema. Abin da ya dame ni shi ne, ana ci gaba da biya ne ga wanda ya nema kafin wa'adin sanarwar ya cika, ita kuwa takardar ba ta iso mata ba sam. Shin za mu iya neman a maido da tallafin tun kafin ranar zaman? Kuma wace hujja alƙalin zai fi karɓa?