Wai rediyo ya mutu?

Ɗan Kurmi: Jama'a, a daina yaudarar kai, rediyo ya mutu. Kafin a karanta labaran ƙarfe 7 an gama yayata abin a WhatsApp da Facebook, kuma kyauta. Mai ja ya fito.

Injiniya: Kyauta? Ɗan'uwa, sauraron tasha ta intanet a kan saurin data na 64 kbps yana cin kusan MB 29 a awa guda, bidiyo kuwa ba a magana. Rediyon hannu batir biyu ne, ka manta da shi.

Hajiya Mai Talla: Injiniya, a titi ake tsintar batir ɗin? Kuma wannan araha ta mai sauraro, tasha ke biyanta. Na'urar watsawa mai kilowat 10, ga na'urorin sanyaya ɗaki, ga situdiyo, janareta zai sha dizal lita 9 zuwa 10 a awa. Awa 18, kusan lita 170 ke nan. Tallan sabulu ba ya ɗaukar wannan, shi ya sa ake sayar wa sojojin baka fili.

Injiniya: Hajiya, lissafinki na ranar da babu wuta ne ɗungurungum. A mayar da situdiyo kan sola, a rage ƙarfin na'ura zuwa kilowat 5 da dare. Nisan FM ya fi dogara da tsayin turken eriya, garuruwan gefe kawai za a rasa. Inda ake kuskure shi ne barin baturan sola a ɗaki mai zafi, su mutu da wuri.

Ɗan Kurmi: Ni fa mutuwar rediyo na ce, ba ta batir ba.

Baba Edita: Yaro, labari bai taɓa zama kyauta ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, farashinta na cikin sunanta. Abin da kake gani a Facebook, wani wakili ne ya biya kuɗin mota ya wuni a kotu, masu shafi suka kwafe ko sunansa babu.

Hajiya Mai Talla: Baba, kullum Zariya. Da tashar rediyon Freedom ta buɗe a Kano a 2003 ne talaka ya samu bakin magana.

Baba Edita: Rediyon Kaduna fa, 'yata?

Na Maraɗi: Ku tsaya. Da aka rufe RFI, gidan rediyon Faransa, a Nijar a Agustan 2023, FM ɗin ne ya yi shiru, mutane suka koma waya. To wa ya ceci wa?

Injiniya: Malam, ban da siyasa a nan.

Na Maraɗi: Sojojin baka ba siyasa ba ne?

Injiniya: A matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka cimma: babu kyauta a intanet, rediyo na nan daram, kuma Hajiya ta amince sola ce mafita.

Hajiya Mai Talla: Yaushe na amince?