Wa ya taɓa sa ƙarfe ya yi tsatsa a zanen kwamfuta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni aikin allon wani mai walda, yana son sunan shagonsa ya fito kamar daga tsohon ƙarfe aka yanko shi. Na zaɓi launin ruwan ƙasa da na ruwan lemo a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, na danna Clouds mai yin tabo kamar gajimare, na ƙara Add Noise mai watsa ɗige-ɗige kaɗan. Abin da ya fito ya fi kama da jar ƙasa bayan ruwa. Ku taimaka.

Mai Fosta: Wa alaikumus salam. Na sha wannan wahalar, ƙanena. Clouds gauraya launukan nan biyu yake yi ya baza su ko'ina, ita kuwa tsatsa ba haka take cin ƙarfe ba, ruwa take bi. Fita ka dubi kwanon rufin gidanku. Inda ƙusa ta huda nan take farawa, tsakiyar ta yi duhu, sai ruwan sama ya jawo ta ƙasa ta bar wani jan ziri, yana tafiya yana sirancewa. A ƙofar ƙarfe kuma gindi take fara kamawa, da bakin walda, da inda fenti ya ɗaye. Don haka ni ƙarfen nake fara shimfiɗawa, toka-toka, in ɗora leyar tsatsa (wato wani shimfiɗi daban) a kai, in rufe ta gaba ɗaya da baƙin mask, wato mayafin da ke ɓoye leya. Sannan in ɗauki farin burushi mai kaushi in riƙa buɗe ta a gefen haruffa da kusurwoyi kaɗai. Ka bar wa ƙarfen wurin da zai nuna kansa. Idan duk ya rufe, ido ba zai gane ƙarfe ba ne.

Yayar Zane: Ni na daina ƙirƙirar ta ma. Wayata na ɗauka na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, na nemi izinin wani mai tsofaffin ƙarafa, na ɗauki hoton gefen wani duro da murfin mota. A inuwa za ka ɗauka, rana tana ƙona launin, kuma ka tsai da wayar daidai fuskar ƙarfen kada ta karkace. In na ɗora hoton a kan rubutu sai in gauraya su da zaɓin Multiply, ko Overlay in ina son haske. Har yau da hotunan ranar nake aiki.

Bazazzage: Wanda ba shi da Photoshop, akwai manhajar GIMP mai irin aikinsa, kyauta ce. A cikinta Solid Noise zai ba ka tabon, Bump Map kuma ya ba shi tudu da kwari har ka ji kamar ka shafa. Kada dai a cika zurfin.

Mai Fosta: Na tuna wani abu. Ruwan lemon da ke walƙiya a allon kwamfuta yakan dushe a bugu, domin RGB, tsarin launin allon kwamfuta, ya fi CMYK, tsarin tawadar bugu, faɗin launi. Na taɓa kai aiki wurin bugu, ya dawo da duhu har lambar waya ba ta karantuwa, daga aljihuna na sake bugawa. Ka sa a buga maka ɗan yanki tukuna, lambar kuma ka bar ta fes, ba tsatsa.

Ɗan Fagge: Allah Ya saka da alheri. Ɗazu na tsuguna gaban ƙofar maƙwabcinmu, na ga ashe har launi uku ne a wuri guda: baƙi-baƙi a rami, ja a kewaye, rawaya a bakin zirin. Yaya, in na ɗauki hoton da yamma bayan la'asar, hasken zai isa?